Ranar da Tutoci Suka Faɗi Tare

"Ku tsaya! Gaku, taka ta riga ta kowa isa ƙasa. Sau nawa zan gaya maka? Tare za su faɗi, tare!"

Ririko ce ke wannan faɗa, shugabar 'yan wasan tuta, 'yar aji shida mai gashi ɗaure gida biyu da murya irin ta mai tallar kifi. Malamarsu, Suzune Kuramochi, tana can gefen fili rungume da buhun farar ƙasa, don tun da ta iso da safe aka roƙe ta ta taya zana layukan tsere. Ta ji maganar sarai, amma ta ɗauka kunnenta ne ya yi mata gardama.

"A sake daga cillin ƙarshe," in ji Ririko. "Ɗaya, biyu!"

Yara goma sha biyu suka wulwula tutocinsu, suka cilla su sama. Kyallaye ruwan goro suka buɗe a iska gwanin sha'awa. Sai kowane yaro ya ja da baya taku guda, ya kare kansa da hannun hagu, ya runtse ido. Sanduna suka sauko ƙasa, ƙwal, kamar sanda ɗaya.

"Wayyo!" suka ce baki ɗaya.

Kowa ya kai yatsa ya sosa girar dama. Suka sunkuya har goshi ya kusa taɓa gwiwa.

"Ku gafarce ni!"

Suka ɗauki tutocin, suka kaɗe ƙurar kyallen sau biyu, suka tsaya ƙyam suna haki.

"Yawwa!" in ji Ririko, fuskarta cike da alfahari. "Kun gani? Haka Malama take yi."

Buhun ya suɓuce daga hannun Suzune. Farar ƙasa ta yi mata hoda tun daga takalmi har gwiwa, ita ko ji ba ta yi ba.

Bari in koma baya kaɗan, don kada a ce malamar nan ba ta san komai ba. Ta sani. Suzune ta yi wasan tuta a sakandare, kuma juyi da wulwulawa da taku bisa kiɗa duk hannunta ya faɗa da su. Abu ɗaya ne ya gagare ta, wato babban cilli, inda ake jefa tuta sama ta juya a iska, ta sauko a cafe. A shekararta ta farko sandar ta sauka mata a girar dama, har sai da aka yi ɗinki. Tun daga ranar jikinta ya yanke hukuncinsa ba da shawararta ba: da tuta ta bar hannunta, ƙafa ta ja baya, hannu ya rufe kai, ido ya rufe kansa. Aka ajiye ta a layin baya, inda ba a cilli, har ta gama. Daga nan ta koma shagon awarar gidansu, tana tashi tun gari bai waye ba, hannu cikin ruwan sanyi, uwarta a kanta tana lissafa mata laifuffuka.

Da mai koyar da tuta ta firamaren garinsu ta yi aure ta bi miji wani lardi, Hedimasta Ebihara, wanda ba ya kwana bai ci awararsu ba, ya ji labarin Suzune a bakin kantar shagon. Ya ɗauke ta gwaji zuwa ranar wasannin makaranta. In abin ya yi masa, ta zauna, kuma makarantu biyu na maƙwabta su ma su ɗauke ta. In bai yi ba, ruwan sanyi na nan yana jiranta. Sharaɗi ɗaya ya kafa mata, cewa lallai a sa babban cilli a ƙarshe, don shi iyaye ke zuwa kallo. Suzune ta ce to. Ta yi zaton kunyar yara za ta sa ta cafe. Ina!

Kowa ya san mai koyar da tuta a gaba take tsayawa, ta ba yara baya, don kada dama da hagu su rikice musu. Kowa kuma ya san yaran garinmu: abin da malami ya yi shi za su yi, ba ƙari ba ragi. Ko jera takalma ne a ƙofar aji, yadda aka nuna musu ranar farko haka za su jera har su yi furfura. To, kullum Suzune za ta cilla, ta ja baya, tuta ta faɗi, ta ce wayyo, ta sosa tabonta don kunya, ta sunkuya ta nemi gafara. A bayanta takan ji ƙarar sanduna da ƙananan muryoyi suna wayyo, sai tausayi ya kama ta, ta ce a ranta su ma abin ya gagare su, 'yan uwana. Kafin ta juyo sun ɗauke tutocinsu. Ita da ba ta cafe ba, da wane baki za ta yi wa wani faɗa? Sai ta yi murmushi ta ce, "Ba komai, kun yi ƙoƙari. Da kyau."

Tun bazara ake haka har kaka. Yau ce rana ta farko da ta tsaya a gefe ta gan su da idonta.

Ta nufo su tana barin sawun fari a ƙasa.

"Ririko, zo mana. Wannan ƙarshen..."

"Mun gyara shi, Malama!" Ririko ta tare ta. "Kullum in kin tafi sai mu tsaya mu maimaita. Sosa girar nan ce ta ba mu wahala. Gaku hagu yake sosawa."

"Ni tawa ta hagu ce ke ƙaiƙayi," in ji Gaku, wani dogon yaro da wandonsa ya yi masa kaɗan.

"Wa ya ce maka ƙaiƙayi ne, sakarai? Salo ne."

"Na yi wa kakata a gida," wata ta sa baki. "Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin irinsa ba."

"Kakarki ta yi gaskiya," in ji Suzune da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

Wani ya ja mata gefen riga. Fumika ce, 'yar aji huɗu, mafi ƙanƙanta a cikinsu, shi ya sa aka sa ta a gaba, tsakiya. Tabarau ɗinta kullum a kan hanci yake, kuma duk abin da za a yi sai ta makara da rabin taku.

"Malama, ni fa tsoro nake ji. In na ɓata fa?"

"Ke dai kada ki taɓa ta," in ji Ririko. "Ki bar ta ta faɗi kawai. Haba Fumika, yar da abu ma sai an koya miki?"

Suzune ta buɗe baki. Gaskiyar tana nan a kan harshenta, saura ta faɗo. Sai aka harba abin wuta sama, daram, don sanar da gari cewa ruwa bai hana ba, yau za a yi wasa. Yara suka yi tsalle suka watse neman hulunan rukuninsu, wasu ja wasu fari. A madadinsu sai ga Hedimasta Ebihara, gajere, kakkaura, cikin kayan motsa jiki da suka girmi duk ɗalibansa, usur na lilo a ƙirji.

"Malama Kuramochi! Yau ce ranar."

"Ita ce, Yallaɓai."

"Da gangan ban taɓa leƙa ku ba. Ina so in gani da sabon ido, kamar kowane uba. Na kuma gayyato abokan aikina na makarantun nan biyu, suna rumfar manya. Na cika musu baki a kanki, kada ki ba ni kunya." Ya dubi ƙafafunta. "Wannan farin ma yana cikin shirin?"

"A'a, Yallaɓai. Wannan kuskure ne."

"To madalla, a gama kuskure tun da safe."

Ya wuce yana dariyar maganarsa.

Kafin a jima fili ya cika. Iyaye maza da suka zo tun sassafe kama wuri sun shimfiɗa tabarmin roba a zagaye, kowa ya kafa abin ɗaukar hotonsa. Tsofaffi na rumfa a kan kujeru da mafitai. A layin farko, daidai inda 'yan tuta za su tsaya, uwar Suzune ta baje tata shimfiɗar, da akwatunan abinci a jere da wata jaka a gefe.

"Mama, wa ke tsaron shago?"

"Na rufe. 'Yata za ta yi abin kallo, in zauna ina yanka awara?" Ta buga jakar da tafin hannu. "Ga rigar aikinki da takalmin roba na zo da su. In an kore ki sai mu wuce kai tsaye, akwai wake a jiƙe."

"Na gode da ƙarfafa gwiwa."

"Me ya sami fuskarki? Kin yi fari kamar ƙafarki. Zauna ki ci curin shinkafa."

Ba ta iya ci ba. Wasan tuta sai bayan abincin rana, don haka tana da safiya guda cur ta tunani, kuma tunanin bai kai ta ko'ina ba. Aka yi tseren 'yan aji ɗaya, wani ya ruga ta baya. Aka yi jan igiya, jajaye suka ja farare har da malamin lissafi. Ita tana tsaye tana riƙe da zaren ƙarshen tsere, kanta na juyawa. Ta ce musu su cafe? Ba wanda ya taɓa gwadawa a cikinsu. Sanduna goma sha biyu ke nan a kan kawuna goma sha biyu, gaban iyayensu. To, a cire cillin gaba ɗaya? Ta ruga wurin malamin kiɗa, wanda ke shirya 'yan badujala a bayan rumfa.

"Malam, in muka tsallake ƙarshen nan fa, kiɗa ya wuce kawai?"

Ya dube ta kamar ta ce a rushe makarantar. "A tsallake? Bayan wahalar da na sha? Ririko ta zo ta yi min bayani tun tuni. Na sa masu ganga su yi shiru daidai wurin wayyo, sannan mai kuge ya buga bayan neman gafara. Yaron nan har mafarkin wurin yake yi. Gaskiya da farko na ce wannan wane irin abu ne, amma ku matasa kun fi mu sanin zamani."

Ta koma ta ɗauki zarenta. Tsoro take ji, kunya kuma ta fi tsoron yawa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne yadda yaran suka yarda da ita, har suka ɓata yammacinsu suna koyon yadda ake tsoro daidai.

Bayan abinci aka busa usur. 'Yan badujala suka shigo da ganguna da ƙahoni, 'yan tuta a gabansu cikin fararen riguna. Kai, in ka gan su sai ka rantse wata babbar ƙungiya ce daga birni. Taku ɗaya, juyi ɗaya, kyallaye na kaɗawa tare suna yanka iska, fat, fat. Gaku bai karkace ba. Fumika ma rabin takun nata yau ya ragu. Wannan duk aikin Suzune ne, kuma na ɗan lokaci ta manta da abin da ke tafe, har ta ji ƙirjinta ya cika. Uwarta ta daina tauna.

Kiɗa ya hau, ya hau. Suzune ta damƙe zaren da har yanzu ke hannunta.

Tutoci suka tashi sama.

Aka ja da baya, aka kare kai, aka runtse ido. Ganguna suka ɗauke. Sai wata 'yar iska ta taso daga wajen kogi, ba wata mai ƙarfi ba, irin wadda ke ɗaga gefen jarida. Ta sami tutar Fumika, wadda ta makara da cilli kamar kullum, ta tura ta baya kaɗan. Sanduna goma sha ɗaya suka bugi ƙasa, ƙwal. Ta goma sha biyu ta sauko cikin tafin hannun da Fumika ta ɗaga don kare kanta, yatsunta kuwa suka rufe a kai ba da izininta ba.

"Wayyo!"

Yatsu goma sha ɗaya suka sosa gira. Kawuna goma sha ɗaya suka sunkuya.

"Ku gafarce ni!"

A tsakiyarsu ga 'yar mitsitsiyar yarinya tsaye, ido rufe, tuta a sama tana kaɗawa.

Fili ya yi tsit. Suzune ta ji har kukan wani jariri a can ƙarshen shimfiɗu. Sai wani tsoho a rumfa, wanda aka ce ya haura casa'in, ya dafa sandarsa ya miƙe da kyar. A garinmu ba a sunkuya maka ka zauna kana kallo. Ya sunkuya shi ma, ya ce da ƙarfi, "Ba komai, yara! Mu ma ku gafarce mu!"

Shi ke nan. Rumfa duka ta miƙe tana sunkuyawa. Iyaye mata suka durƙusa a kan shimfiɗu suna kai goshi ƙasa. Iyaye maza suka sunkuya da abin ɗaukar hoto a hannu, shi ya sa har yau duk gidan da ka je ka ce a nuna maka hoton ranar, yashi za ka gani da yatsun ƙafa. Hedimasta ya sunkuya, baƙinsa suka sunkuya, mai sayar da ƙanƙara a bakin ƙofa ya sunkuya wa ba kowa. Yara suka kaɗe kyalle sau biyu, mai kuge ya buga abinsa, caaan, sai tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano.

Suzune ta lallaɓa ta zagaya bayan ɗakin ajiye kayan wasa, inda 'yan tuta ke taruwa. Tun kafin ta iso ta ji muryar Ririko.

"Abu ɗaya aka ce ki yi! Ɗaya! Ki bar ta ta faɗi!"

"Ba ni na kama ta ba," Fumika na shessheƙa, tabarau duk ya yi hazo. "Ita ta zo."

"Ita ta zo! Tana da ƙafa ne? Kowa ya yi daidai sai ke. Ko wayyo ba ki ce ba."

"Ki bar ta mana," in ji Gaku. "Ai ba da gangan ta yi ba. Kowa na iya cafewa bisa tsautsayi."

Kafin Suzune ta ce uffan, sai ga Hedimasta da baƙinsa biyu, wata doguwar mata mai lema da wani mutum mai sanƙo. Idon Ebihara ya yi ja, yana share shi da hular wasa.

"Malama Kuramochi! Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin an koya wa yara tawali'u da sanda ba sai yau. Dubi ma'anar! Mutane da yawa su faɗi, su amsa laifinsu a gaban jama'a, amma a tsakiyarsu ƙarama, mafi rauni, ta riƙe tuta ba ta bari ta taɓa ƙasa ba. Ni na gane. Tun da suka ja baya na gane."

"Sosa girar nan ce ta taɓa ni," in ji mai sanƙo. "Alamar tunani ce, ko?"

"Muna son ki fara zuwa mana mako mai zuwa," in ji mai lema. "Irin wannan sak muke so."

Ga shi nan, an miƙo mata. Makarantu uku. Ba sauran ruwan sanyi, ba sauran takalmin roba. Abin da ake so daga gare ta kawai ta sunkuya ta ce ta gode, kuma in dai sunkuyawa ce, ai kowa ya shaida ta iya.

Sai Hedimasta ya lura da mai kuka. "Af, me ya sami tauraruwarmu?"

"Ta ɓata mana ne, Yallaɓai," in ji Ririko. "Ba a cafewa. Ita ma yarwa ya kamata ta yi."

"Au, ashe kuskure ne?" Hedimasta ya shafa kan Fumika. "To ba komai, 'yata. Kuskurenki ya yi kyau. Baɗi sai ki dage ki yar kamar kowa."

Fumika ta jingine tutar a bango a hankali. Ta juyo wurin Suzune, ta haɗa hannuwa a gaba, ta sunkuya. Wannan karon ba salo ba ne.

"Malama, ki gafarce ni. Kin sha wahala kin koya mana, ni na kasa. Ni dama ba na iya komai. Zan bar ƙungiyar, sai a sa wadda ta iya."

Suzune ta dubi bayan wuyan yarinyar, siriri, rana ta ƙona shi. Ta san wannan sunkuyon. Da irinsa ita ma ta koma layin baya, ba ta sake fitowa ba. Zuciyarta ta karye, kuma haushin kanta ya kama ta.

"Ɗago, Fumika." Ta juya ga sauran. "Ku saurara duka. Babban cilli, cafewa ake yi. Haka ake yinsa a ko'ina a duniya. A cilla, a tsaya, a cafe. Yau mutum ɗaya ce ta yi daidai a filin nan, ga ta nan tana kuka."

Ririko ta ƙifta ido sau da yawa.

"To Malama, ke me ya sa ba kya cafewa?"

"Ban iya ba. Tsoro nake ji."

"Ja da bayan fa?"

"Gudu ne."

"Sosa girar fa?" in ji Gaku.

Ta ɗage gashin goshinta ta nuna musu tabon. Yara suka matso suna leƙe.

"Tabɗi," in ji Gaku. "Wato duk dukan da Ririko ta yi min a kan hagu da dama, a banza na sha shi."

Mai lema ta yi tari, ta ce ta tuna ta bar shayinta a rumfa. Mai sanƙo ya ce bari ya raka ta, kada shayin ya huce. Suka tafi da sauri ba ko waiwaye. Makarantu biyu ke nan sun bi iska.

Hedimasta Ebihara ya yi shiru. Waɗanda suka san shi za su gaya maka wannan bai taɓa faruwa ba. Ya dubi yara, ya dubi Suzune, ya leƙa ta gefen ɗakin ya hango rumfa, inda tsohon nan mai casa'in ke ba na kusa da shi labari yana kwaikwayon sosa gira.

"Wato ni," ya ce a hankali, "na tsaya gaban gari guda na sunkuya wa tsoronki."

"Haka ne, Yallaɓai."

"Har na yi hawaye."

"Na gani, Yallaɓai."

"Kin san me zai faru in na je na gaya wa tsofaffin can cewa sun miƙe da ciwon gwiwarsu a banza? Ba zan iya ba. Ba ni da wannan ƙarfin." Ya mayar da hularsa. "Sun riga sun ce baɗi ma shi suke so. Saboda haka baɗi goma sha ɗaya za su yar, ɗaya ta cafe. Yarwa dai na tabbata ba wanda ya kai ki iya koyar da ita a lardin nan. Saura ki koya wa yarinyar nan ta cafe da gangan."

"Yallaɓai, na ce ban iya ba."

"Na ji. Kina da shekara guda." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Kuma ki gaya wa mahaifiyarki a ajiye min awara biyu, masu taushi."

Da yamma aka tashi. Farare suka ci, jajaye suka ce an yi musu coge. Iyaye suka naɗe shimfiɗu, manyan yara suka kwashe kujeru. 'Yan tuta dai ba su tafi ba, suna zaune a gindin bango suna kallon malamarsu kamar yau suka fara ganinta. Uwar Suzune ta iso da jakarta a kafaɗa.

"To? In fito da takalmin?"

"Ba yau ba, Mama."

"Ni dama da na ga sosa girar nan na san 'yata ce. Na ce wa ta kusa da ni, wannan wayyo ɗin a gidana aka haife shi." Ta sauke jakar, ta zauna a kai, ta buɗe ragowar abinci. "Yi abin da za ki yi. Waken can ya jiƙa har ya tsiro."

Suzune ta ɗauki tutar Fumika daga jikin bango. Ta fita tsakiyar fili, kuma a karo na farko ta juyo ta fuskanci yaran.

"Fumika, yaya kika yi?"

"Ban sani ba, Malama. Idona a rufe yake."

"To ni zan gwada da nawa a buɗe. Ririko, ba ni ƙirga."

Ririko ta miƙe, ta gyara tsayuwa. Har yanzu da sauran fushi a fuskarta. "Ɗaya, biyu!"

Tuta ta tashi, ta juya a hasken yamma. Suzune ta kafe ƙafafunta a ƙasa, ta buɗe ido iyakar buɗewa, ta miƙa hannu. Sandar ta wuce ta gefen yatsunta ta bugi ƙasa, ƙwal. Amma ba ta ja baya ba. Bakinta ya fara, "Way..." ta haɗiye sauran.

Fumika ta tura tabarau sama, ta ja majina.

"Ba komai, Malama," ta ce. "Kin yi ƙoƙari. Da kyau."

"Kada ki ce mata da kyau!" Ririko ta daka mata tsawa. "Da haka aka lalata mu. Malama, ɗauki. A sake!"

Suzune ta duƙa ta ɗauki tutar.